Maƙalar Mako: Ƙusar da Ake Bugawa a Birkin Baya

 

Yau za mu ajiye zancen jigo da salo mu leƙa ƙarƙashin mota. Da yawa daga cikin 'yan wannan zaure suna tuƙi ko suna da 'yar ƙwarya-ƙwaryar mota a gida, wanda ma ba shi da ita yana shiga ta haya ya miƙa ransa ga direban da bai san sunansa ba. Ban da haka, da wuya a sami ƙarfen da ya kashe mutane a labaran Hausa kamar birki. Marubuci na son ya mayar da yarinya marainiya kafin shafi na goma, sai ya ɗora iyayenta a hanyar Kaduna ya ce birki ya tsinke. Masu ba da labarin haɗari ma haka suke faɗar "shanyewar birki", kamar wata tsawa ce da ta faɗo ba tare da hadari ba.

Mu a ganinmu birki ba kasafai yake shanyewa rana ɗaya ba. Yakan yi watanni yana kai ƙara ana ce masa a dawo gobe. Kuma wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne na baya, musamman idan aljihu ya rame. Maganar da muka zo da ita a wannan mako ita ce: akwai inda mai ƙaramin ƙarfi zai rage kuɗi a gyaran birkin baya ba tare da ya cuci kowa ba, akwai kuma inda ragewar ba tattali ba ce, caca ce da rayukan mutane.

Duk wanda aka taɓa taka birki da ƙarfi yana cikin mota ya san jikinsa gaba yake yi. Motar ma haka take yi. Nauyinta ya taru a kan tayoyin gaba, hancinta ya duƙa, bayanta ya ɗan ɗaga. Saboda haka masu ƙera motoci suka ɗora wa gaba mafi yawan aikin, a ƙaramar mota wajen kashi biyu cikin uku ko fiye, suka bar wa baya ragowar. Shi ya sa fad ɗin gaba ke riga na baya cinyewa. Shi ya sa kuma in birkin baya ya mutu direba ba ya saurin ganewa, domin a cikin gari, a gudun kilomita 30 ko 40, motar tana tsayawa lafiya lau. Sai ya ɗauka ai na bayan ado ne.

Sannan a motocin da suka fi yawa a hannun talaka, irin su yawancin Golf 3, da Corolla ta farkon shekarun 2000, da bas ɗin Hiace, birkin baya na duram ne. Duram wani kwano ne na ƙarfe da ke juyawa tare da taya. A cikinsa akwai layinin guda biyu masu siffar jinjirin wata, da wata 'yar tukunya da kanikawa ke kira fot. In ka taka birki, masta ya turo mai ta cikin fayif, man ya shiga fot, fot ya buɗa layinin biyun su manne da cikin duram. Duk wannan a rufe yake faruwa. Fad ɗin gaba ana iya hango shi ta ramukan wili, da yawansu ma suna da ɗan ƙarfen da ke yin ƙara in sun kusa ƙarewa. Layinin duram ba shi da mai yi masa shela. In ba motar na da ɗan ramin leƙe a farantin baya ba, sai an cire taya an zare duram kafin a san halin da yake ciki. Abin da ido bai gani ba kuwa, zuciya ba ta ware masa kuɗi.

Ba za mu yi kamar ba mu san halin da ake ciki ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da ₦200 ta haura ₦1,000 a ƙarshen 2024. Aka saki Naira a watan Yunin 2023, Dala da gwamnati ke sayarwa wajen ₦460 ta wuce ₦1,500 a 2024. Kayan gyaran mota kuwa kusan duk daga waje suke zuwa, ko sababbi ko na hannu, don haka duk abin da ya sami Dala sai ya bayyana a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da Ladipo a Legas. Magidancin da albashinsa ke ƙarewa ranar 15 ga wata ba mugu ba ne don ya ji kuɗin fot ya yi shiru.

Zancen da ake yi a gareji kusan iri ɗaya ne ko'ina. Bakanike ya zare duram, ya ga fot na yoyo, layinin ya jiƙe sharkaf. Ya ce, "Alhaji, sai an canza fot da layinin." Mai mota ya ji lissafi, ya sosa ƙeya, ya ce, "Injiniya, yi mini dabara dai, in na samu zan dawo." Dabarar kuwa sananniya ce. A kwance fayif ɗin da ke kai mai ga wannan ƙafar, a cusa masa ƙusa ko ƙwayar boris, ko a dandaƙe bakinsa da guduma, a mayar. Yoyo ya tsaya, feda ta yi tauri, mai mota ya taka ya ji daɗi, ya ce Allah ya yi albarka. "In na samu zan dawo" kuwa kowa ya san tsawonsa.

Mai neman abin rubutawa, ga labari nan a tsugune gaban duram. Mutumin da ya san gaskiya ya faɗa sau ɗaya, da mutumin da ya ji ta amma kuɗin makarantar yara na jiransa, da yaron gareji da aka aika ya nemo ƙusa. Haɗarin da zai zo bayan wata huɗu a wannan yammacin aka yi shi. Wannan ya fi "birki ya tsinke" nama nesa ba kusa ba, domin akwai wanda ya zaɓa, kuma mai karatu zai iya ganin kansa a cikin mai zaɓen.

Bari mu duba abin da ƙusar nan take yi. Tun ƙarshen shekarun 1960 ake raba birkin mota gida biyu, yadda in ɗaya ya zubar da mai ɗayan zai riƙe motar. A yawancin motocin da ke ja da gaba, rabon a gicciye yake: ƙafar gaba ta dama tana layi ɗaya da ta baya ta hagu, ta gaba ta hagu kuma tana tare da ta baya ta dama. Ma'ana, fot ɗin baya da ke yoyo ba kansa kaɗai yake kashewa ba. Ranar da man wannan layin ya ƙare, zai tafi da birkin ƙafar gaba guda. Wannan ne dalilin da ya sa yoyon baya ba abin da za a bari ana ta ƙara mai ana tafiya ba ne. Shi kuma mai ƙusa, ya ceto ƙafar gaban, amma ya bar mota da ƙafa uku. A takawar yau da kullum ba za a ji ba. Ranar da akuya ta faɗo titi, ko aka yi yayyafi kwalta ta yi santsi, aka taka da ƙarfi, gefe ɗaya zai kama fiye da ɗaya, motar ta nemi karkacewa. In kuwa ƙafafun baya biyun aka toshe don a daidaita, an bar wa gaba aikin da aka tsara wa ƙafa huɗu.

Wani zai ce ai kun ce gaba ke yin kashi biyu cikin uku, me ya rage? Wannan lissafin na motar da ba ta da lodi ne. Mu dubi Golf ɗin haya da ke tashi daga tasha: an ƙera ta don mutum biyar, ta ɗauki bakwai ko takwas, but a buɗe an ɗaure buhuna da igiya, bayanta na neman shafar ƙasa. A irin wannan motar nauyi ya koma baya, rabon aikin birkin baya ya ƙaru sosai. Masu ƙerawa sun san haka, shi ya sa a Golf da Hiace masu yawa akwai wani bawul da aka haɗa da gindin baya ta hanyar sifirin, aikinsa ya ji nauyin kaya ya ƙara wa birkin baya ƙarfi gwargwadon lodin. Wato motar da ta fi kowace buƙatar birkin baya ita ce ta haya, kuma ita ce aka fi buga wa ƙusa.

Sai batun zafi, wanda shi ne ainihin abin da ke faruwa a yawancin abin da ake kira shanyewa. Birki ba ya ɓatar da gudu, mayar da shi zafi yake yi. In ka ninka gudu sau biyu, zafin da birki zai haɗiye kafin ka tsaya ya ninka sau huɗu, tazarar tsayawar ma haka. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. To a ce ana gangarowa daga Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, da lodi, ƙafa a kan birki tun daga sama, kuma tayoyin gaba kaɗai ke shan wutar. Fad ya yi zafi har ya daina kamawa. In zafin ya kai ga man birki ya tafasa, tururi ya shiga fayif, shi kuwa tururi matsuwa yake yi ba ya tura komai, sai feda ta tafi ƙasa salin alin. Sabon man birki mai lamba DOT 3 sai ya kai aƙalla digiri 205 kafin ya tafasa, DOT 4 kuma 230. Amma man nan yana shan damshin iska a hankali, in ya tsufa ya sha ruwa DOT 3 na iya tafasa a wajen digiri 140. Masu zuba ruwan omo a madadin mai kuwa, nasu a digiri 100 zai tafasa kamar ruwan shayi, ga tsatsar da zai bari a cikin fot da masta.

A nan ya kamata mu tsoma baki kan wata ɗabi'a da tsadar mai ta ƙara yaɗawa, wato sakin mota a firi a gangara don a tsimi fetur, wasu har da kashe inji. Mota tana cikin giya, injin kansa yana riƙe ta, yana rage wa birki aiki. A firi duk nauyin ya koma kan birki. In kuma aka kashe inji, tulun da ke bayan masta, wanda ke aron ƙarfi daga inji ya sauƙaƙa wa ƙafa, zai ba ka taku biyu ko uku ne kawai, daga nan feda ta zama dutse. Fetur ɗin da aka tsima bai kai cikin kofi ba.

To ga kuɗi kaɗan a hannu, ga birkin baya ya fara magana: feda na yin nisa kafin ta kama, birkin hannu sai an ja shi har ƙurya, ko ana jin gurzar ƙarfe daga baya, ko man da ke tankin masta na raguwa kowane mako. Ina za a fara?

A fara da abin da ya fi araha, wato kallo. A sa bakanike ya buɗe ƙafafun biyu, ba ɗaya ba, mai mota yana tsaye. Ba kowace buɗewa ce ke ƙarewa da sayayya ba. Sau da yawa layinin yana da sauran nama, abin da ya faru shi ne ɗan ƙarfen da ke matso da shi kusa da duram yayin da yake cinyewa ya cije saboda ƙura da tsatsa. A wanke, a warware shi, a saita, feda ta dawo sama, kuɗin aiki kawai aka biya. Sai dai a kula da mai gajeren hanya da zai ɗaure kebul ɗin birkin hannu kawai ya ce an gama. Layinin ake fara saitawa, kebul daga baya. In aka juya, an ɓoye ciwon ne, wani lokacin ma layinin ya riƙa gugar duram ana tafiya, ya ci mai ya ci kansa.

In kallo ya nuna sai an sayi wani abu, ƙa'idar da muke ganin ta fi dacewa da talaka ita ce: ƙarfe a sayi na hannu, roba da layinin da mai a sayi sababbi.

Duram ƙarfe ne. Na Beljiyam mai kyau zai yi aiki daidai da sabo, wani lokacin ma ya fi sabon da ba a san inda aka zuba shi ba. Sau da yawa ba sai an canza shi ba ma. A jikinsa masu ƙerawa sukan buga iyakar faɗin da cikinsa zai kai kafin a jefar da shi. In bai kai ba, kuma babu tsaga, 'yan layukan da suka fito a ciki ba abin tashin hankali ba ne, masu injin feƙe ƙarfe za su iya share su. In ya wuce iyaka kuwa kada a kankare, domin duram da ya yi siriri saurin zafi yake yi, yana buɗewa ya guje wa layinin. Farantin baya, da kebul ɗin birkin hannu, da ƙananan ƙarafunan ciki, duk ana iya ɗaukar na hannu. Sifirin ɗin da ke mayar da layinin wurinsa, in bai yi tsatsa ba bai miƙe ba, a mayar da abinsa. Nan ne wurin rage kuɗi, kuma babu kunya a ciki.

Fot kuwa wani zance ne. Jikinsa ƙarfe, amma ransa roba. A ɗan ɗaga robar bakinsa a duba. In akwai danshin mai a ciki, ya fara yoyo ko da bai kai ga ɗiga ba. Mai ƙaramin ƙarfi yana da zaɓi biyu: ya sayi sabon fot, ko ya sayi robobin ciki kawai a canza. Canjin roba halal ne, amma da sharaɗin cikin fot ɗin sumul yake. In tsatsa ta ci shi ta bar ramuka, sabuwar roba kwana kaɗan za ta yi ta yage, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne fot na hannu a ɗaura yadda aka ciro shi. Robar da ta yi shekara ashirin a wata mota a Turai, ta zo ta yi watanni a rana a kasuwa, ba wanda zai iya rantsewa a kanta. Kuma a cikin kayan birki gaba ɗaya, fot na cikin masu sauƙin kuɗi. Abin takaicin ke nan game da ƙusa: saboda ɗaya daga cikin mafi arahar kayan ake kashe birkin ƙafa guda.

Layinin a kan sayar da shi guda huɗu, biyu kowace ƙafa, kuma haka ya kamata a ɗaura shi. Masu raba kwali su gyara ƙafar da ta fi lalacewa su ajiye sauran, sun sayi karkacewa da kuɗinsu, domin sabo da tsoho ba sa kamawa daidai. In naman ya ragu zuwa wajen milimita 2, a ɗauka ya ƙare. Jiran sai an ji ƙarfe na gugar ƙarfe shi ne ke mayar da ƙaramin gyara babba, don a lokacin duram ma ya tafi. Layinin da ya sha man birki ko giris shi ma ya tashi daga aiki komai kaurinsa. Akwai masu zuba masa fetur su cinna wuta su goge da samfefa, fuskarsa ta bushe ta yi kyau. Man da ya shige ciki yana nan, ranar da ya yi zafi zai sake tsattsafowa, ga kuma gam ɗin da ke riƙe naman da ƙarfe ya sha wuta. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Gam ɗin nan shi ne abin dubawa wajen saye. Layinin mafi araha a kasuwa ba cinyewa da wuri ne babban aibinsa ba. Naman yakan ɓare daga jikin ƙarfe gaba ɗaya, ya cushe a cikin duram, taya ta cije ana tsakiyar gudu. Ba muna cewa sai mai tambarin kamfanin motar ba, wannan ya fi ƙarfin yawancinmu. Akwai na tsaka-tsaki masu kyau, kuma bakaniken kirki ya san su, domin shi ake dawo wa da ƙorafi. A tambaye shi wanne zai ɗaura a motar da matarsa za ta shiga. A duba gefen naman ko akwai tsaga ko inda bai manne ba. Masu manyan motoci sun daɗe suna buga sabon nama a kan tsohon ƙarfe da ƙusoshin ribiti, kuma in gwani ya yi ba laifi. A ƙaramar mota da ake mannawa da gam ɗin da ba a san asalinsa ba, mu dai ba za mu ba da shawara ba.

Mai kuwa a sayi wanda yake a rufe da hatiminsa, mai lambar da aka rubuta a murfin tankin masta. Ƙaramar kwalba ta isa a fitar da iska bayan canjin fot. Wanda aka ɗura a robar ruwa ana sayarwa a bakin titi, ba a san kwanansa ba, ba a san abin da aka gauraya masa ba. Kada kuma a kuskura a zuba baƙin mai ko man giya ko na sitiyari, ko da na wucin gadi ne, domin suna kumbura duk robar da ke cikin birki tun daga masta har fot, gyaran ƙafa ɗaya ya koma na mota sukutum. Kamfanoni da yawa sun ce a zubar da man birki a sake sabo duk shekara biyu. A nan kuwa akwai motocin da tun da suka sauka daga Kwatano ƙari kawai ake yi musu.

Masu motar da bayanta faifai ne ba duram ba, ƙa'idar ɗaya ce. Ƙarin da za mu yi musu shi ne, a motoci irin su Sharan, fistin ɗin baya murɗa shi ake yi ya koma ciki, ba dannawa da ƙarfi ba. Yaron da ya sa masa ƙarfen taya ya danne zai lalata abin da ya fi fad ɗin tsada ninkin-ba-ninki.

Wanda zai yi da kansa don ya huta da kuɗin aiki, ya yi ƙafa ɗaya ya bar ɗayar a haɗe ta zame masa abin kwatance, ya ɗauki hoto da waya kafin ya cire ko sifirin ɗaya. Kada ya dogara da jak kaɗai, ya tokare motar da abu mai ƙarfi, ya sa wa tayoyin gaba dutse. Ƙurar cikin duram kuma ba ta hurawa ba ce, da baki ko da iskar faci. Tsofaffin layinin da wasu masu araha suna iya ƙunsar asbestos, wanda ke lalata huhu har ya kai ga ciwon daji, Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya tun 2005. A jiƙa tsumma a goge. Yaran gareji da ke shaƙar wannan ƙurar kullum sun cancanci a gaya musu.

Yanzu ga tambayar da ta fi wuya. In kuɗin bai kai ko na fot da layinin ba fa? Amsarmu ta kasu biyu, kuma ba mai daɗi ba ce. In cinyewa ce kawai, babu yoyo, ƙarfe bai fara taɓa ƙarfe ba, ana iya lallaɓawa na 'yan kwanaki a cikin gari, ba lodi, ba gudu, ba tafiyar nesa, ana barin tazara. In kuwa mai na zuba, a ajiye motar. A hau Adaidaita, a hau ta haya, a taka da ƙafa. Mun san nauyin wannan maganar a kan mai iyali. Amma mun kuma sha ganin mota da sabon fenti gab da Sallah, da baƙin gilashi, da sifikun da ke girgiza unguwa, an cika mata gas ɗin sanyi, bayanta kuwa ƙusa. Ba kullum rashi ne ke hana gyara ba. Wani lokacin dai fenti ana gani a yaba, layinin kuwa ba wanda zai ce maka ka yi kyau.

Wanda muke tausaya wa da gaske shi ne direban haya da ba shi ne mai mota ba. Kullum sai ya kai balas, ranar da mota ta kwana a gareji shi da iyalinsa ne za su ji a jikinsu, in ya matsa da zancen gyara a karɓe makulli a ba wani. A wurinsa ƙusa ba son zuciya ba ce, tsoron rasa abinci ne. Don haka muke ganin nauyin yana kan mai motar kafin direba. Wanda ke karɓar balas shi ne ya kamata ya ɗauki kuɗin birki da na kwanan da aka rasa, kamar yadda mai gida ke gyara rufin da ke yoyo ba ɗan haya ba. Ƙungiyoyin direbobi da ke tashoshi su ma suna da ikon da Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, ba ta da shi a kan titi: sun san kowace mota, sun san mai ita, kuma su ke ba da layin lodi. Jami'in da ya tsayar da mota a hanya ba zai zare duram ba, takardar ingancin mota da ake sabuntawa duk shekara ita ma ba ta leƙa ƙarƙashi. Amma leƙa fayif ɗin baya a tasha kafin a ba da layi bai fi aikin minti biyu ba.

Masu cewa ai komai ƙaddara ce, ba mu musa ba. Sai dai malamai sun daɗe suna karantar da cewa tawakkali ba ya kore riƙo da sababi, kuma fasinjan da ya biya kuɗin mota bai shiga yarjejeniyar da aka yi a gareji ba. Shi bai san da ƙusar ba.

In an gama gyara, kada a ja mota nan take. A taka birki sau da yawa tana tsaye har feda ta yi tauri, sannan a danne a riƙe na rabin minti. In tana nutsewa a hankali, akwai yoyo a wani wuri ko masta na sakin mai ta ciki. In tana laushi kamar soso, da sauran iska a fayif, a sake fitarwa. A gwada a fili inda ba mutane, a ƙaramin gudu, a ji ko tana ja gefe. Bayan 'yar tafiya a kara hannu kusa da kowane wili na baya ba tare da an taɓa ba. In ɗaya ya fi ɗaya zafi sosai, an matse shi da yawa ko ɗayan ba ya aiki. Sabon layinin ba ya kamawa da cikakken ƙarfinsa sai ya zauna da duram, don haka a bi shi a hankali na kwanakin farko, a guji doguwar tafiya da lodi. Washegari da safe a duba tankin masta, a kuma duba cikin tayoyin baya da ƙasan inda motar ta kwana.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.